Gobara: Jaje Ba Ya Kashe Wuta

Kowace shekara, da zarar hunturu ya kama, sai mu fara jin labarin gobara. Babbar kasuwar Jos ta ƙone a watan Fabrairu na 2002, aka shafe fiye da shekara 20 ba a sake gina ta ba. Kasuwar Sabon Garin Kano ta ci wuta a 2016, ta Sakkwato da ta Katsina a 2021, sai kasuwar Monday ta Maiduguri a 2023. A kowace ɗaya, mutane sun kwana da jari, suka wayi gari da toka.

Abin da kan biyo baya kowa ya san shi. Manya su zo jaje, a kafa kwamiti, a yi alkawarin taimako, daga nan sai shiru. A ra'ayinmu, wannan ba manufa ba ce.

Ba ƙa'ida muka rasa ba. Tun 1963 akwai dokar hukumar kashe gobara ta tarayya, jihohi ma suna da nasu hukumomin. A 2006 Gwamnatin Tarayya ta fito da kundin ƙa'idojin gine-gine na ƙasa, wanda ya tanadi ƙofofin tsira da kariya daga wuta. Aiki da su ne babu. Ana yanka rumfuna a kan hanyar da motar kwana-kwana za ta bi. Ana jona wayoyin lantarki barkatai. Mota kan iso a makare, ruwanta ya ƙare, babu famfon da za ta ɗura.

Saboda haka muna kira ga gwamnatocin jihohi da babbar murya: a buɗe hanyoyin cikin kasuwanni, a haƙa rijiyoyin burtsatse da tankuna a kowace babbar kasuwa, a ba 'yan kwana-kwana kayan aiki, kuma kada a amince da taswirar gini sai sun duba.

'Yan'uwa, mu ma da namu laifin. Majami'u nawa ne da ɗakunan kwanan ɗalibai suke da ƙofa ɗaya tak, tagogi kuma an toshe da ƙarfe? Gidaje nawa ake ajiye jarkar fetur kusa da murhu? Dattawan ikilisiya su zagaya su duba tun yau. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.