Kwamfutar da masu ƙera wasanni suka juya wa baya

A hutun da ya gabata na je Tudun Wada gaishe da 'yan uwa, sai ɗan ƙanena da ke shirin jarrabawar JAMB ya ɗauko mini kwamfutarsa yana ƙorafi. Ta hannu ce, mahaifinsa ya saya masa a Kano da kuɗin masara. "Baffa, ba ta ɗaukar komai," in ji shi. Da na bincika sai na gane "komai" ɗin wasanni ne, irin manyan nan da yake gani a bidiyo, waɗanda ke bukatar na'ura mai tsada da intanet marar yankewa. Har ya yanke shawarar sayar da ita ya sayi waya.

Yaron bai yi ƙarya ba. Kamfanonin wasanni suna bin inda kuɗi yake, wato sababbin kwamfutoci masu Windows da na'urori irin su PlayStation. Ƙari a kan haka, Microsoft ya sanya 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, alhali Windows 11 ba ya hawa kan tsofaffin kwamfutoci da yawa. Irin waɗannan kuwa su ne a hannun ɗalibanmu daga Bebeji zuwa Kiru har Doguwa. Idan muka yarda cewa duk abin da kamfani ya yasar ya zama shara, to yaran karkara za su rasa kwamfutar da suka samu da kyar, a zamanin da JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta tun 2015.

Abin da na yi shi ne na ɗora masa Linux Mint, manhaja ta kyauta da ke tafiya lafiya a kan na'ura mai rauni. Sannan na nuna masa wani jinsin wasa da bai taɓa sani ba: wasan labari, inda mai wasa ke zama gwarzon labarin, ya yi tafiya, ya warware matsala, ya zaɓi hanya, ya kuma ɗauki sakamakon zaɓinsa. Wannan jinsi ya girmi kwamfutarsa nesa ba kusa ba. Will Crowther ya rubuta Colossal Cave Adventure a Amurka wajen 1976, babu hoto ko ɗaya a cikinsa, rubutu ne zalla. Manhajar ScummVM, wadda aka fara a 2001, tana farfaɗo da tsofaffin wasannin kasada, ciki har da Beneath a Steel Sky na 1994 da masu shi suka saki kyauta a 2003. Akwai kuma The Battle for Wesnoth, shi ma na 2003, wanda ake gina mayaƙa suna ƙara ƙwarewa daga fage zuwa fage. Da zarar an sauke su, ba sa neman data.

Na san abin da iyaye za su ce: mun sayi kwamfuta don karatu, malam yana koya wa yara wasa. Damuwar tana da tushe, domin wasan da ya hana salla ko bitar darasi ɓarna ne, kowane iri ne. Amma a duba bambancin. Wasan labari ba ya motsi sai ka karanta, ka fahimta, ka tuna abin da aka gaya maka a baya. A aji ina fama da ɗaliban da ba sa iya jure shafi biyu na rubutu, ga yaro ya shafe awa guda yana duba ƙamus don ya san abin da zai ce wa mai gadin ƙofa. Kuma abin da ke gogayya da wannan wasa a aljihun matasanmu ba littafi ba ne, cacar ƙwallo ce ta waya.

Sai dai akwai abin da ya fi damuna. Duk wasannin da na lissafa da Turanci suke, dazuzzukansu da dodanninsu na wasu ne. Alhali mu ba baƙin labarin kasada ba ne. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, tafiya ce ta neman abu guda ta cikin garuruwa da haɗurra, wato ainihin ƙashin bayan irin wannan wasa. A Kamaru, kamfanin Kiro'o Games ya fitar da Aurion a 2016, wasan da ya ɗebo daga al'adun Afirka. Mu me ya hana mu?

Ba kuɗi ba ne. Akwai manhaja ta kyauta mai suna Twine, wadda Chris Klimas ya fitar a 2009. Da ita ake rubuta labari mai rassa ba tare da sanin ilimin shirya manhaja ba. Tana karɓar ƙ da ɗ da ɓ, kuma abin da ta haifar fayil ne guda da ake turawa daga waya zuwa waya. Kayan labari kuwa ga su a ƙofar gida: masuncin da dare ya riska a madatsar ruwan Tiga, matafiyin da motarsa ta lalace a dajin Falgore, yaron da ya shiga tsohon ramin kuza a Riruwai neman akuyar gidansu. Kowanne yana da mararrabar da mai karatu zai tsaya ya zaɓa.

Don haka ina kira ga malaman Hausa da na kwamfuta a makarantun sakandaren wannan yanki da su haɗa kai. Aikin zango ɗaya ya isa: kowane rukunin ɗalibai ya je wurin tsofaffi ya ɗauko labari, ya rubuta shi da daidaitacciyar Hausa, ya yi masa rassa. Za su koyi rubutu da tsara tunani da sarrafa allon madannai a lokaci guda.

Ɗan ƙanena dai bai sayar da kwamfutar ba. Makon jiya ya turo mini labarinsa na farko, mai ƙofofi bakwai. Sau uku kura tana cinye ni kafin na isa Kwanar Dangora.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.