Waya Ko Agogo? A Fara Auna Filin Tukuna

A 'yan shekarun nan wata sabuwar gardama ta shigo tsakanin matasa masu sha'awar guje-guje, har ta iso makarantun sakandare na Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi. Gardamar kuwa ita ce, wanne ya fi faɗin gaskiyar nisan da mutum ya yi a guje: manhajar da ke cikin wayar hannu, ko agogon nan na ɗaurawa a hannu mai aiki da taurarin ɗan'adam? Mai waya yana cewa ai abin da ke aljihunsa ya wadatar. Mai kwaɗayin agogo kuma yana ganin in ba shi ba, duk lissafin banza ne. Maganar ba ta wasa ba ce ga ɗalibin da ke shirin gasar makarantu, ko wanda ya ƙwallafa rai ga shiga aikin soja, inda gudun gwaji yake cikin abubuwan da ake tantance mutum da su. Alal misali, a ce na'ura ta ƙara wa gudun kilomita 3 kashi 3 cikin 100. Mita 90 ke nan aka ba shi kyauta. Ga mai cin kilomita guda a minti 4, wannan ya haura daƙiƙa 20, kuma ranar gwaji babu wanda zai yafe masa su.

Sai dai masu gardamar sun bar jaki suna dukan taiki. Waya da agogo duk kanwar ja ce, domin a rijiya ɗaya suke ɗiban ruwa. Abin da ya kamata makarantun wannan yanki su fara mallaka shi ne fili wanda aka auna da tef, aka san tsawonsa tabbas, sannan a zo a gwada kowace na'ura a kansa.

Don a gane dalilin haka, dole a san yadda na'urorin suke aiki. Tsarin GPS na rundunar sojan Amurka ne. An harba tauraronsa na farko a 1978, aka kuma bayyana kammaluwarsa a 1995 da taurari 24, suna shawagi a nisan kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a kwana guda. Kowane tauraro yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, aikinsa kuma shi ne ya yi ta shelar inda yake da lokacin da ya yi shelar. Saƙon yana tafiya da saurin haske, wato kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Na'urar da ke hannun mai gudu sauraro kawai take yi, ba ta aika wa tauraro komai. Takan duba tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta lissafa nisanta da tauraron. Tana bukatar taurari huɗu aƙalla: uku don gano wuri, na huɗun don gyara kuskuren ɗan agogonta mai arha. Wannan gyara kuwa wajibi ne, domin kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana kawar da mutum mita 300 daga inda yake. Har zuwa watan Mayu na shekarar 2000 Amurka da gangan take gurɓata saƙon da farar hula ke samu. Bayan ta daina ne aka soma ganin agogunan masu gudu irin Garmin Forerunner, wanda ya fito a 2003. A yau Rasha tana da nata tsarin, GLONASS, Tarayyar Turai tana da Galileo, Sin kuma tana da BeiDou, kuma yawancin wayoyi da agogunan zamani suna haɗa biyu ko fiye su saurara lokaci guda.

To, a nan gizo ke saƙar. Tauraro bai san nisan gudu ba, wuri kaɗai yake taimakawa a gano. Na'ura takan ɗiga alamar inda mutum yake, galibi sau ɗaya a kowace daƙiƙa, sannan ta haɗa ɗigo-ɗigon da miƙaƙƙun layuka ta tara tsawonsu. Wayar hannu a fili fetal, inda babu abin da ya kare sama, tana iya kuskuren kimanin mita 5 a kowane ɗigo. Shi kuwa mai gudu mita 3 ko 4 yake ci a daƙiƙa guda. Ashe ke nan kuskuren yana iya fin tazarar da ake son aunawa girma. Idan wannan ɗigo ya karkata hagu, na gaba ya karkata dama, sai layin ya fito a karkace kamar sawun maciji a rairayi, alhali mutumin a miƙe ya tafi. Karkataccen layi kuwa kullum ya fi miƙaƙƙe tsawo, shi ya sa na'urorin suka fi yawan ƙari bisa ga ragi. Masu ƙera manhaja sun san da haka, don haka sukan sa ta goge karkace-karkacen. Amma gogewar ma tana da nata aibin: idan aka zo kwana, sai ta yanke kwanar, ta rage wa mutum mitocin da ya ci da guminsa.

Wannan batu na kwana shi ya fi shafar arewacin Zamfara. Da a ce ana zaman lafiya, ɗalibi zai iya kama hanyar da ta tashi daga Ƙaura zuwa Shinkafi, ko wadda ta nufi Zurmi ta wuce Jibiya, ya miƙe abinsa. Irin wannan doguwar hanya, ga sarari a buɗe, ita ce inda GPS ya fi yin aiki da kyau. Amma sanin kowa ne cewa shekaru da dama ke nan 'yan bindiga sun addabi waɗannan hanyoyi, babu kuma uba ko malami mai hankali da zai bar yaro ya fita bayan gari da asuba da sunan motsa jiki. Abin da ya rage shi ne filin makaranta da lungunan cikin gari. A fili, zagaye ake yi, kwana bayan kwana, kowace da ɗan kuskurenta, har su taru su yi yawa. A lungu kuma katanga da rufin kwano suna mayar da saƙon tauraro kamar yadda dutse ke mayar da amsa-kuwwa, sai ya iso a makare, na'ura ta ɗauka mutum ya yi tsalle ya faɗa gidan maƙwabta. Inuwar dogon-yaro da ta tsamiya, wadda mai gudu ke nema a watan Afrilu, ita ma tana raunana saƙon. Wato dai halin da ake ciki ya tura mai gudu daidai wurin da tauraro ya fi rauni, tef ɗin awo kuma ya fi ƙarfi.

Akwai wani abu kuma da ba kasafai ake ambata ba. Can sama da inda gajimare ke tsayawa akwai wani sashe mai cike da ƙwayoyin lantarki, wanda masana ke kira ayonosfiya, kuma saƙon tauraro sai ya ratsa shi. Nijeriya tana cikin yankin duniya inda wannan sashe yakan hargitse bayan faɗuwar rana, musamman a wasu watanni. Saboda haka awon almuru yana iya saɓa wa na hantsi, a fili ɗaya, da na'ura ɗaya.

Ba za a ƙi ba agogo haƙƙinsa ba. A wuyan hannu yake, eriyarsa tana kallon sama, ita kuwa waya sau da yawa tana cikin aljihun wando, jikin mutum ya tare mata rabin samaniya. Batirinsa yana daɗewa, abin da ke da muhimmanci a garin da wutar lantarki ba ta da tabbas. Yana auna bugun zuciya. Ba ya kuma fama da tsarin tattalin batir, wanda a wayoyi da yawa yakan kashe manhaja da zarar fuskar wayar ta yi duhu, sai a dawo a tarar an zana miƙaƙƙen layi daga gaban ofishin shugaban makaranta zuwa bayan ɗakin gwaje-gwaje. Agoguna masu tsada suna sauraren zango biyu na saƙon tauraro, wanda ke rage kuskuren ayonosfiya da na katanga, ko da yake tun 2018 wasu wayoyi ma sun fara yin haka. Duk da haka, agogo mai kyau yakan kai dala 200, wato ninkin-ba-ninkin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka zartar a 2024. Masu arhar da ake gani a kasuwa kuwa, da yawansu babu GPS a cikinsu ko kaɗan. Wasu lilon hannu suke ƙirgawa su yi kintace, wasu kuma daga wayar da aka haɗa su da ita suke aron awon. Wanda ya sayi irin wannan don ya tsere wa waya, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Mutane da yawa suna zaton GPS ba ya aiki sai da sabis ko data. Ba haka ba ne, kuma mutanen Zamfara sun taɓa shiga yanayin da zai iya tabbatar da wannan. A watan Satumba na 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umurci kamfanonin waya su rufe layukansu a faɗin jihar, bisa roƙon gwamnatin jiha, aka yi makonni babu kira babu intanet. Taurarin dai ba su daina shela ba, kuma kowace waya mai GPS tana iya jin su. Abin da rashin sabis ke jawowa shi ne jinkiri wajen kama taurari da farko, domin waya ta saba karɓar jadawalin inda suke ta intanet, sai kuma rashin hoton taswira, da wasu manhajojin da ba sa buɗewa sai sun gaisa da kamfaninsu. Dabarar ita ce a tsaya a sarari minti ɗaya ko biyu kafin a danna farawa.

Haɗarin da ya fi kuskuren mita girma yana wajen wallafawa. Manhajoji irin Strava suna ƙarfafa mai gudu ya nuna wa duniya taswirar hanyarsa da lokacin fitarsa. A watan Janairu na 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya ya lura cewa taswirar da kamfanin ya fitar, wadda ta tattara sawun masu amfani da ita, tana nuna zanen sansanonin soja a Siriya da Afganistan, saboda sojojin suna gudu da na'urorinsu a kunne. Idan asirin sansanin soja ya tonu ta wannan hanya, ina ga ɗalibar da ke fita daga ƙofar gida ɗaya da ƙarfe shida kullum, a yankin da ake sace mutane don kuɗin fansa? Wajibi ne malamai su koya wa ɗalibai rufe wannan ƙofa a manhaja, kada kuma a tura hoton taswirar a WhatsApp ko Facebook don neman yabo.

Wani zai ce komawa ga tef ci-baya ne. To, ya kamata ya san cewa hukumar guje-guje ta duniya ba ta karɓar awon agogo ko na waya wajen tabbatar da tsawon hanyar tsere. Da keke ake auna gudun famfalaƙi mai kilomita 42.195, wanda aka ɗaura wa wani ɗan maƙirgi a gindin ƙafar gaba, ƙirar wani Ba'amurke mai suna Alan Jones a 1971. Mai awo yakan fara gwada kekensa a miƙaƙƙiyar hanya ta aƙalla mita 300 da aka auna da tef na ƙarfe, ya sake gwadawa bayan ya gama, domin zafin rana yana kumbura taya. Sannan a ƙara mita ɗaya a kan kowace dubu, don kada hanya ta gaza. Da wannan hanya aka auna titin Chicago inda Kelvin Kiptum na Kenya ya yi awa 2 da daƙiƙa 35 a 2023, kuma ita ce sharaɗi ga tseren Legas da aka fara a 2016, da na kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo.

Babu abin da zai hana makarantar sakandare a Zurmi ko Shinkafi yin haka. Tef mai mita 50, da keke, da tsumma ja da za a ɗaura a waya ɗaya ta ƙafar keken don ƙirga juyi, da toka ko farar ƙasa ta shata layi, sun isa. Ƙafar babban keke irin na dattawa tana cin kusan mita 2.2 a juyi guda, amma kada a dogara da wannan adadi, a auna na keken da ke hannu. Makarantun Ƙaura ma suna da maƙwabciya, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1983, inda ake koyar da aikin injiniya, ana iya neman taimakonta. Abin mamakin farko da za a tarar shi ne zagayen filin ƙwallo ba mita 400 ba ne, kamar yadda ɗalibai da yawa suka ɗauka. Cikakken fili mai tsawon mita 105 da faɗin 68, kewayensa mita 346 ne, na makarantu kuwa sau da yawa bai ma kai haka ba. Wanda ya zagaya sau goma yana murnar ya yi kilomita 4, ana bin sa bashin fiye da rabin kilomita. Ko a filin tsere na gaske, wanda ya matsa waje da faɗin layi ɗaya, wato mita 1.22, ya ƙara wa kansa sama da mita 7 a kowane zagaye. Ɗalibin da ya san lissafin kewayen da'ira zai iya fito da wannan da kansa: 2 sau 3.14 sau 1.22.

Da zarar an sami fili mai tabbataccen awo, gardamar waya da agogo ta zama darasin kimiyya, malamin wasanni da na fiziks su haɗa hannu. A ba ɗalibi ɗaya wayoyi uku, ɗaya a hannu, ɗaya a aljihu, ɗaya a ɗaure a damtse, da agogo in an samu aro. Ya zagaya sau biyar da safe, a rubuta abin da kowace ta nuna, a maimaita da yamma, a kuma maimaita a ƙarƙashin itatuwa. 'Yan aji su fitar da matsakaici, su lissafa kuskuren kowace na'ura da kashi cikin ɗari, a manna sakamakon a allon sanarwa. Daga nan mai waya ya san nawa zai rage ko ya ƙara a kan abin da tasa ke faɗa masa. Wanda ba shi da ko ɗaya kuma bai yi asarar komai ba, tunda ƙirga zagaye da agogon ƙidayar daƙiƙa ya fi duka biyun daidai a wannan fili. Ruwan damina zai wanke layin toka, saboda haka tun ranar awo a binne ƙananan turakun siminti daidai da ƙasa a farkon kowace kwana da ƙarshenta, yadda in kaka ta yi za a ja igiya tsakaninsu a sake shata layin.