Miji Da Mata A Fagen Tsere: Wasa Ne Ko Magani?

Duk wanda ya saba fita da sassafe ran Asabar a Ikko ko Badun ko Fatakwal, ba zai rasa cin karo da ayarin masu gudu a bakin titi ba, maza da mata, manya da yara, wani lokaci ma miji da matarsa kafaɗa da kafaɗa. Mutanenmu na Arewa mazauna Kudu sukan tsaya su bi su da kallo. Wani ya yi dariya ya ce ƙoshi ne ya yi musu yawa, wani kuma ya ce ai gudu sai da dalili, in ba kare ne ya biyo mutum ba, to gobara ce. Ra'ayin da za a bayyana a wannan fili yau ya saɓa wa nasu. Mu mazauna Kudu mun fi kowa bukatar wannan al'ada, matanmu kuwa sun fi mu bukatarta, kuma babu mai buɗe musu ƙofarta sai mazansu.

Bari mu fara da bayanin wasan kansa, domin kada mu yi gardama a kan abin da ba mu sani ba. Gudun famfalaki tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195, watau kusan tafiyar Kano zuwa Wudil. A watan Fabrairu na shekarar 2016 aka soma babban tseren birnin Ikko, inda aka tashi daga filin wasa na ƙasa da ke Surulere aka ƙare a Eko Atlantic, bakin teku. A Okpekpe kuma, kusa da Auchi cikin Jihar Edo, tun 2013 aka fara tseren kilomita 10. Manyan kyaututtukan irin waɗannan tsere galibi mutanen Kenya da na Habasha ne suke kwashewa, gama su gudu sana'arsu ce. Amma ba su ne abin zancenmu ba. Abin zancenmu shi ne dubban mutanen da suke biyo bayansu, malaman makaranta da akawuna da 'yan kasuwa da matan aure, waɗanda ba su sa ran ko kwabo, burinsu kawai su kai ƙarshe da ƙafafunsu.

Akwai kuma wani wasa wanda ya fi wannan wuya, Turawa suna ce da shi tirayatalon, mu kuwa sai mu kira shi tsere uku a haɗe. Mutum zai fara da ninƙaya, yana fitowa daga ruwa ya haye keke, yana sauka daga keken ya zuba da gudu, ba hutu a tsakani. A wasannin Olamfik, inda aka shigar da shi a birnin Sidni cikin shekarar 2000, ana ninƙayar kilomita ɗaya da rabi, da tuƙin keke na kilomita 40, da gudun kilomita 10.

Abin lura a tarihin wannan wasa shi ne, miji da mata ne suka ɗaga shi ya shahara. A watan Satumba na 1974 aka yi irin wannan tsere a San Diyego ta ƙasar Amurka, cikin waɗanda suka shiga kuwa har da wani hafsan sojan ruwa mai suna John Collins da matarsa Judy, ba kuwa don sana'a ba. Da aiki ya kai su tsibirin Hawai, sai gardama ta sarƙe tsakanin masu gudu da masu ninƙaya a kan wa ya fi wani juriya. Shi da matarsa suka kawo shawarar a haɗa manyan tsere uku na tsibirin a yi su rana ɗaya: ninƙayar kusan kilomita 4 cikin teku, da keke kilomita 180, wanda ya zarce tafiyar Ikko zuwa Badun nesa, sa'an nan a rufe da gudun famfalaki. Ran 18 ga Fabrairu, 1978, mutum 15 suka tashi, 12 suka kai ƙarshe, wanda ya zo na ɗaya, Gordon Haller, ya gama cikin awa 11 da minti 46. Wannan shi ne asalin gasar Ironman wadda ta bazu ko'ina a duniya.

To, ina ruwan ɗan ci-rani da wannan labari? Ruwansa kuwa babba ne. Mu tuna yadda rayuwa take a gida. Magidanci yakan tafi gona a ƙasa ko bisa keke, ya yini yana huɗa da noma, ran kasuwa ya taka mil biyar ko fiye. Uwargida kuwa, ko da tana cikin kulle, tana da tsakar gida mai faɗi, tana sussuka, tana surfe, tana daka, tana jan ruwa a rijiya, tana share gida tun daga soro har bayan ɗaki. Babu wanda ya kira wannan motsa jiki, amma motsa jikin ke nan, kuma shi ya riƙe lafiyar kakanninmu har tsufa.

Yanzu mu dubi zamanmu na Kudu. Ɗan canji yana kan benci tun hantsi har magariba. Dillalin tumatir a Mil 12 da dillalin dabbobi suna zaune cikin rumfa, yara ne suke ɗawainiya. Direban tanka yakan kwana biyu ko uku cikin mota yana jiran layi a Apapa. Maigadi yana kan kujera dare da rana. Abinci kuwa bai ragu ba, sai ma ƙaruwa da ya yi: shayi mai sukari cokali huɗu, da burodi, da taliya, da lemon kwalba a kan kowane cin abinci. In tumbi ya fito sai abokai su ce arziki ya zauna.

Halin matar ya fi nasa tsanani. An ɗauko ta daga gida mai tsakar gida an kawo ta ɗaki ɗaya cikin gidan haya, ƙofa tana kallon ƙofa. Inji ya karɓe daka da niƙa, 'yan ga-ruwa suna kawo ruwa har bakin ɗaki, cefane kuwa maigida ne yake yi. Tafiyarta a yini duka ba ta wuce daga gado zuwa murhu, daga murhu zuwa makewayi. Ba ta da uwa kusa, ba ta da 'yar'uwa, ba ta jin harshen maƙwabta. Haka za ta shekara goma, jiki yana nauyi, gwiwa tana ciwo, zuciya tana ƙunci, mu kuwa muna cewa ta ji daɗi, ta huta.

Likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa yawan zama da ƙiba suna daga cikin manyan abubuwan da suke jawo hawan jini da ciwon sukari. Mugun halin hawan jini kuwa shi ne, yakan yi shekaru cikin jiki bai nuna alama ba, sai ran da ya kayar da mutum da shanyewar ɓarin jiki. Ɗan ci-rani ya san abin da yake biyo baya. Jarin da aka tara shekara da shekaru ya ƙare a asibiti, a ƙarshe a yi karo-karo a sa shi a mota a mai da shi gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara baligi ya sami aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, watau rabin awa sau biyar. Wannan bai kai lokacin da muke ɓatawa a teburin mai shayi ba.

Lalle akwai 'yan'uwanmu waɗanda wannan kira bai shafe su ba. Ɗan dako da mai tura kurar ruwa da leburan gini sun gama nasu tseren kafin azahar, abin da suke bukata shi ne abinci mai kyau da hutu da lada mai tsoka. Amma ko su ɗin ma, su waiwayi wadda suka bari a ɗaki.

Hujja ta farko da masu ƙin wannan abu suke kawowa ita ce addini. Sai mu tambaye su, wa ya fi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kishin iyali? Abu Dawuda ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa a wata tafiya ta yi tseren ƙafa da shi ta tsere masa. Bayan wani lokaci, da jikinta ya yi nauyi, suka sake, ya tsere mata, har ya yi mata raha cewa ya rama. A wata ruwayar an ce sai da ya sa sahabbai suka yi gaba tukuna. Darasi biyu ke nan a wuri ɗaya: tsere tsakanin miji da mata halal ne, kiyaye sutura da kunya kuma wajibi ne, ɗaya bai kori ɗaya ba. A zamaninmu ma, Ruƙayya Al-Gasara ta ƙasar Bahrain ta ci tseren mita 200 a wasannin nahiyar Asiya a Doha cikin 2006 tana sanye da lulluɓi, hannu da ƙafa a rufe. Wando mai yalwa da riga mai sauka da hijabi mara nauyi sun isa.

Hujja ta biyu ita ce ta gaskiya, watau tsoron bakin mutane. Magidanci yana gudun a gan shi da matarsa a hanya a ce ya zama mijin-ta-ce, ko a ce an shanye shi. Amma mu yi wa kanmu adalci. Ran da ciwo ya kwantar da ita, masu wannan magana ba za su biya kuɗin magani ba, ba kuwa za su yi renon 'ya'yanta ba. Kuma mace ita kaɗai ba za ta iya fita da duku-duku a garin da ba nata ba, ba ma za a so ta fita ba. In mijinta yana gefenta, bakin kowa ya mutu, tsaro ya samu. Daɗin daɗawa, ma'auratan da suke kwana ɗaki ɗaya da 'ya'ya biyar ba su da wurin da za su yi shawara su biyu. Rabin awar nan ta safe takan zama ita kaɗai ce damar da za su tattauna kuɗin makaranta da saƙon gida ba tare da kunnen kowa ba.

Hujja ta uku ita ce wai wasan masu kuɗi ne. Game da tsere uku a haɗe akwai ƙamshin gaskiya, gama keken tsere yana da tsada, wurin ninƙaya kuma ba ko'ina yake ba. Amma gudu ba ya bukatar kome sai ƙafa. Abebe Bikila, sojan Habasha, ba takalmi ya ci gudun famfalaki na Olamfik a birnin Rum cikin 1960. Kambas na gwanjo ya wadatar. Keke kuwa Bahaushe ba baƙonsa ba ne, kakanninmu sun ci kasuwanni da shi tun zamanin Turawa.

Wanda ya yi niyya ya bi a hankali, gama sannu ba ta hana zuwa. Da fari su biyun su je a auna jininsu, musamman wanda ya haura shekara 40, ko mai jin ciwon ƙirji ko haki. Mai juna biyu da mai jego su nemi shawarar asibiti tukuna. A fara da tafiya mai sauri ta minti 20 bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi motoci su cika titi. Bayan 'yan makonni a riƙa sassarfa minti ɗaya, tafiya minti biyu, a yi ta ƙarawa kaɗan-kaɗan. A bi gefen da ake fuskantar motoci masu zuwa, a sha ruwa sosai, da azumi kuma a rage ko a mai da shi bayan shan ruwa. Maigida ya daidaita takunsa da na matarsa, kada ya mai da abin gasar nuna ƙarfi. Wanda ya dage, cikin 'yan watanni zai iya kilomita 5, daga nan ya yi harin kilomita 10, ya sa sunansa da na iyalinsa a tseren gari.

Ninƙaya kuwa, ko ba don gasa ba, ta cancanci a koye ta. Muna zaune a garuruwan da ruwa ya kewaye, muna shiga jiragen ruwa a Ikko da Fatakwal, alhali yawancinmu ba mu iya iyo ba. Ba mu manta da hatsarin jirgin ruwa na Warra a Jihar Kebbi cikin 2021 ba, da na Patigi a Jihar Kwara cikin 2023, inda aka yi asarar rayuka masu ɗimbin yawa. Ba kuwa baƙon abu ba ne a wurinmu, duk wanda ya halarci bikin kamun kifi na Argungu ya ga gwanintar Kabawa cikin ruwa.

Saura hakkin shugabanni. Talaka yana biyan haraji da kuɗin rumfa da kuɗin shara, saboda haka yana da hakkin ya sami inda zai taka ba tare da mota ta kwashe shi ba. Ya kamata ƙananan hukumomi su buɗe filayen makarantu da filayen wasa, irin na Agege da tsohon filin Liberty na Badun, da sassafe kyauta ga kowa, su sa fitilu, su gyara gefen titi. Inda akwai wurin ninƙaya na gwamnati a keɓe wa mata sa'o'insu da masu koyarwa mata. Sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Badun da Shagamu da sauran zangonni su jawo ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi a shirya tseren unguwa ko sau ɗaya a shekara, a kawo ma'aikatan lafiya su auna jinin jama'a a wurin. Limamai kuma su faɗa wa mutane gaskiya a kan mumbari, cewa jiki amana ne, lafiyar mace kuma tana cikin hakkokin da suke wuyan mijinta, daidai da ci da sha da tufafi.

Neman arziki ya raba mu da gida, kowa kuma fatansa ya koma da abin hannunsa ya ci cikin danginsa. Wanda ya koma da kuɗi ba lafiya, shi da iyalinsa, ci-raninsa bai yi riba ba. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya mai da kowa gida da ƙafafunsa, amin.