Wanda Ya Karɓi Kuɗin Jama'a Ya Buɗe Littafi

Kwanakin baya ina zaune wajen wani mai shayi a Agege, wani dattijo mai sayar da goro ya ba ni labarin ƙungiyarsu. Wai an ba shugabanninsu taimakon kuɗi daga gwamnati, da wani yaro ya tashi a taro ya tambaya nawa ne, sai aka ce ba shi da kunya, aka zaunar da shi. Dattijon ya ce mini, "Malam, to wa zai tambaya, tunda ƙungiyar ba ta gwamnati ba ce?"

Na ce, "Baba, ai doka ta riga ta amsa wannan."

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta daɗe a hanya. Tun 1993 ƙungiyar Media Rights Agenda da ke nan Legas, tare da Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Nijeriya da wasu, suka fara tsara ta. Majalisa ta zartar da ita, amma Shugaba Obasanjo ya sauka a 2007 bai sa hannu ba. Sai ran 28 ga watan Mayu 2011 Shugaba Jonathan ya sa mata hannu.

Abin da yawancin mutanenmu ba su sani ba shi ne dokar nan ba ma'aikatun gwamnati kaɗai ta kama ba. Ta haɗa har da kamfanoni da ƙungiyoyi masu zaman kansu, muddin suna amfani da kuɗin jama'a, ko suna yin aikin da na gwamnati ne. Watau ɗan kwangilar da aka ba gyaran kwatar unguwa, da kamfanin da ke kwashe shara da izinin hukuma, da ƙungiyar raya unguwa da ta karɓi tallafi, duk ana iya rubuta musu a nemi lissafi. Mai tambaya ba sai ya faɗi dalilinsa ba. An ba su kwana 7 su amsa, in kuwa za su hana, dole su rubuta hujjarsu. Wanda aka hana yana da kwana 30 ya kai ƙara kotu, in ta tabbata hanin ba bisa ƙa'ida ba ne, tarar Naira 500,000 ce. Wanda bai iya karatu ba kuma, an yarda wani ya rubuta masa.

Shekaru da yawa wasu jihohi suna fakewa da cewa dokar ta Tarayya ce, ba ta shafe su ba. A watan Afrilu 2025 Kotun Ƙoli ta rufe wannan ƙofa, a shari'ar da aka yi da hukumar yaƙi da ƙanjamau ta Jihar Edo, ta ce dokar ta hau kan jihohi ma. Saboda haka Legas na ciki.

To, saura mu. Bahaushen kurmi yana ɗaukar kansa baƙo ko da a Agege aka yanke cibiyar kakansa, ga kuma kunyar manya. Girmama na gaba abu ne mai kyau, ban ce a bari ba. Amma mahaucin Oko-Oba da ɗan kasuwar Mile 12 suna biyan kuɗin tikiti da haraji kullum, kuɗin nan kuwa su ne suke komowa da sunan tallafi. Shugaban da hannunsa ke da tsabta, takarda ɗaya ta ishe shi ya wanke kansa daga tsegumi.

Dattijon nan dai ya ce zai sa jikansa ya rubuta wasiƙar. Na gargaɗe shi ya riƙe kwafi, ya kuma sa wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata, don daga ranar ne ake fara ƙidayar kwana bakwai ɗin.