Sukur: Suna a Bakin Maƙwabta, Tarihi a Kan Dutse

Sharhinmu na yau zai hau duwatsun Mandara, a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, dab da iyakar Kamaru, inda ƙauyen Sukur yake. A shekarar 1999 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, kuma shi ne na farko a Najeriya da ya sami wannan daraja. An sha rubuta cewa kalmar Sukur na nufin ramuwar gayya a harshen maƙwabtansu Margi. A ganinmu bai dace a rataya tarihin al'umma a kan wannan fassara ba, domin mutanen wurin Sakun suke ce wa garinsu da harshensu, kuma aikin hannunsu wani labari dabam yake bayarwa.

Duk wanda ya hau dutsen zai taka hanyar da aka shimfiɗe da fala-falan duwatsu har ƙofar gidan Hidi, wato sarkinsu, inda aka jera katanga dutse bisa dutse ba tare da laka ba. Gangaren kuwa an yanka shi hawa-hawa, an tokare kowane hawa don kada ruwan sama ya kwashe ƙasar noman dawa. A da, a rafuka suke wanke baƙin yashi mai tama, su narka shi da gawayi, fatake su sayi ƙarfen su gangara da shi har ƙasar Barno. Wannan aikin manoma ne da maƙera masu haƙuri. Littafin da Hamman Yaji, mai mulkin Madagali a wancan zamani, ya bari, wanda ya faro daga 1912, ya ma nuna cewa su aka riƙa kai wa hari ana kama bayi.

Wani zai ce ruwa ba ya tsami banza, maƙwabci ma shaida ne. Gaskiya ne, ba a rasa tsama tsakanin mutanen tudu da na kwari. Amma don kalma ta yi kama da wata a harshen maƙwabta, ba ta zama asalinta ba ke nan, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Bayan ɓarnar da Boko Haram ta yi wa Sukur a 2014, gyaran gini kaɗai bai wadatar ba. Kamata ya yi masana su zauna da dattawan Sakun, su naɗi bayanin sunan daga bakinsu tun suna raye.