GYARAN TSOHUWAR KWAMFUTA: RIBA KO HASARA?

Tun daga ranar 14 ga watan Oktoba na 2025, ranar da kamfanin Microsoft na Amurka ya janye tallafin da ya saba bai wa manhajar Windows 10, wata tambaya ta shiga zukatan masu sha'awar kwamfuta, wato irin mutanen nan da ke ajiye na'ura a gida, su kwance ta su ɗaura da hannunsu domin koyo da jin daɗi. Tambayar kuwa ita ce: a ƙara zuba kuɗi a cikin tsohuwar, ko kuwa a daure a yi tari har a sayi sabuwa?

A ganina gyara yana da riba matuƙar ya tsaya kan abubuwa biyu. Da zarar ya wuce nan, to, mutum sabuwar na'ura yake saye gutsure-gutsure, da tsada, yana kiran abin gyara.

Abu na farko shi ne ma'ajiya. Galibin kwamfutocin da suka haura shekara 8 suna ɗauke da faifan nan mai juyawa, wanda kan zagaya sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, allura tana binsa tana neman inda aka rubuta abu. Wannan faifai shi ke sa mutum ya kunna na'ura ya zauna jiran gawon shanu. Ma'ajiyar zamani da ake kira SSD ba ta da abin da ke motsi a cikinta, kuma ko mai sauƙin kuɗi daga cikinta tana iya karanta wajen megabayit 500 a daƙiƙa, alhali tsohon faifai da ƙyar yake wuce 150. Wanda ya yi wannan sauyi zai ga bambanci tun daga kunnawar farko.

Abu na biyu shi ne RAM, wato filin da na'ura ke baje aikin da take yi a halin yanzu. Gigabayit 4 ya yi kaɗan ga shafukan intanet na yau. A mayar da shi 8 ko 16, sai na'ura ta sami sarari. Wani alfanu kuma shi ne ita SSD ana iya cire ta a sa wa wata na'urar nan gaba, saboda haka kuɗinta bai nutse ba.

Iyakar gyaran ke nan. Masu iya magana sun ce garin gyaran gira akan rasa ido. Wanda ya ce zai sauya firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, sau da yawa zai tarar sabuwar ba ta shiga gurbin tsohon allon da ke ɗauke da kayan ciki, domin kamfanin Intel yakan sake fasalin gurbin nan kusan bayan kowane zubi biyu. In ya sayi sabon allo, sai tsohon RAM ya ƙi zama, tun da DDR3 da DDR4 da DDR5 kowanne da nasa rami. Kafin ya farga ya sayi uku daga cikin kayan da suka fi tsada, ga tsohon akwati da tsohuwar na'urar rarraba wuta suna nan suna jiran ranar mutuwarsu.

Game da batun Windows kuwa, ya kamata jama'a su san cewa Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana neman wani abin tsaro mai suna TPM 2.0, da kuma firosesar Intel ta zubi na 8, wanda ya fara fitowa a 2017, ko wadda ta biyo baya. Na'urar da ta girmi haka, ƙarin RAM ba zai shigar da ita wannan sahu ba. Amma wannan bai sa ta zama shara ba. Manhajar Linux kyauta ce, ba ta da nauyi, kuma ga mai sha'awar koyo ita kanta makaranta ce.

A nan ƙasar lissafin ya ƙara nauyi. Kayan kwamfuta duka daga waje suke zuwa, da dala ake sayo su. Bayan sakin naira a watan Yuni na 2023, dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a 2024. Sabuwar na'ura ta yi wa mai ƙaramin albashi nisa, kuma kowane kuskure wajen sayen kayan gyara ya ƙara ciwo. Bugu da ƙari, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022. Na'urar da aka ƙara wa shekara uku ko huɗu ta rage wannan tuli.

Wani zai ce ai sha'awa ba ta san lissafi ba, mai kiwon tantabara ma ba ya tambayar riba. Gaskiya ne, kuma abin da mutum ya koya wajen kwance na'ura yana da daraja. Sai dai ya kyautu ya san kuɗin nishaɗi yake kashewa, ya ware masa abin da ba zai taɓa cefanen gida ba.

Shawarata ga mai wannan niyya ita ce ya fara gano abin da ke tauye masa aiki, ya tambayi farashinsa, sa'an nan ya tambayi farashin kwamfuta ta hannu wadda ta fi tasa ƙuruciya. In kuɗin gyara ya kusa rabin wancan, ya haƙura ya ci gaba da tari. In kuwa SSD da ɗan RAM ne kawai, ya saya ba tare da fargaba ba, domin da tsohuwar zuma ake magani.