Mu Gyara Turancinmu: Hawa da Tashi

Wata yarinya daga Mandera ta kawo mini takardar jarrabawarta, malami ya ja jan layi a ƙarƙashin wannan: "I climbed a lorry to Bodinga." Ta rasa inda laifinta yake, ga maki ya tafi.

Da Hausa ba ta yi kuskure ba. Mukan hau mota, mu hau jaki, mu hau itace, duk da kalma ɗaya. Bature kuwa ya rarraba. "Climb" na itace ne da tsani da dutse, inda hannu da ƙafa ke wahala. Babbar mota "get on" ake ce mata, ƙarama "get in", jaki kuma "ride". In ka ce "climb", Bature zai zaci can bisa buhunan albasa ka yi tafiyar. Wataƙila ma hakan aka yi, amma ba shi take nufi ba.

Sai "rise" da "raise", masu kayar da har manya a coci. "Rise" shi ne tashi, "raise" kuwa tayar da wani. Rana "rise" take yi da kanta. Na taɓa jin mai wa'azi ran Ista ya ce "Jesus raised on the third day", baƙi suna ta jira su ji wa ya tayar. "Jesus rose" ya kamata ya ce. A labarin Li'azaru ne za a ce "Jesus raised Lazarus."